Yaɓe na Takwas

…kuma ai ba jiya aka gina soron nan ba. Shekara ashirin da ɗaya. Ya ga shekarar fari, ya ga shekarar da gulbi ya hauro har bakin kasuwa, ya ga shigowar Turawa garin Jega, bai yi ko gezau ba. Sai yanzu? Sai da mai shi ya kwanta dama?

Murjanatu tana tattaka ƙasa a tsakar gida, zani ɗaure a ƙirji, laka har ƙauri. Jar ƙasa, ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, yankakkiyar ciyawa. Tun kafin hantsi take yi. Yau kwana bakwai. Kwana bakwai cif da mai duba-gari, Malam Kalilu, ya tsaya a bayan soron ta gefen hanya, ya zana ƙatuwar da'ira da farar ƙasa a jikin bango. Dokar Bature ce, in ji shi, hakimi ma ya amsa. Tun da wani zaure ya rufta da mutum huɗu a Maiyama, duk ginin da aka ga ya tsage sai a sa masa alama. Mai shi ya rushe da hannunsa cikin mako guda, in ya ƙi, hukuma ta zo da diga. Bayan Azahar za su dawo, shi da Sarkin Magina, su yi dubawar ƙarshe.

Su zo. Su zo su tarar da sabon yaɓe a kan rufin, sumul, yana ƙamshin makuba. Su faɗa mata a wane gari aka taɓa rushe ginin da ake kula da shi haka.

Amma wa ya kai maganar?

Nan ne. Nan ne abin yake ci mata rai. Duba-gari aikinsa leƙa randa da tulu, ya ga ko akwai 'yan ƙwari a ruwa, ya harari bola, ya wuce. Yaushe ya fara duba bango? Wani ne ya ja hannunsa. Wani ne ya ce, zo ka gani…

Maccido. Wa kuma? Maccido mai albasa, mutumin Aliero, da ya zo ya zauna jikin katangarta shekara uku ke nan. Sau biyu yana faɗa, yana dariya, haƙoran nan jajaye da goro — «Uwar Hussaina, wanga wuri da shago ne, da ban kai albasata cikin kasuwa ba.» Wasa, wai. Wasan da ake yi ana auna bango da ido? Ta gan shi yana taku a gindin soron, ɗaya, biyu, uku, yana ɗaga kai. Kuma watan jiya ya kwance jakunansa daga inuwar bangon ya mai da su can ƙarƙashin aduwar nan marar inuwa, cikin rana. Mai jaki ya bar inuwa ya koma rana? Don me? Don ya san diga na tafe, shi ya sa. Ya sani tun kafin a zana farar ƙasar.

Da masu fura. Su ma. Shekara nawa suna zama a inuwar nan, ba ta taɓa cewa kanzil ba… yanzu sun koma tsallaken hanya, in ta leƙo su yi shiru. An gaya musu wani abu. Hussaina ma — 'yar cikinta! — ta zo jiya da yara, ta tsai da su a bakin ƙofar soro, ku gai da kaka daga nan. Daga nan? Yaran da ke hawa cinyar tsohuwar? Wa ya shiga kunnen Hussaina?

Ƙafa ta nutse, ƙafa ta fito. Ƙasar ta kusa yin daidai. Mijinta, marigayi Mamuda, yakan ce in ta riƙe diddige kamar ba ta so ka tafi, to ta nuna. Mamuda… ko a zuci sai ta ji nauyin sunan. Malam. Malam magini, da ya tafi Andarai da kansa ya zaɓi giginya, ya sa aka tsaga azara, aka kawo a jaki goma sha biyu, ita tana da cikin Hussaina, tana tsaye nan, nan daidai, tana ƙirga su suna shigowa…

«Ke 'yar Katanga!»

Inna Gudiya ce daga cikin soro, da sunan garinsu Murjanatu take kiranta. Uwar Malam. Ido ya tafi shekara goma, kunne kuwa kamar na zomo.

«Na'am, Inna.»

«Kunun yau ma da ƙasa-ƙasa. Hatsin ne ya ƙare kika koma ga bango?»

«Iska ce, Inna.»

«Iska ce. To. Iskar ga ta san bakin ƙwaryata.»

Iska ce mana. Bazara ce, ko'ina ƙasa ke tashi. Tsohuwa sai neman magana. Ran da aka zana alamar an ce a fitar da ita zuwa ɗakin ciyawa, ta ce nan ɗanta ya aje ta, nan za a ɗauke ta. To ka ji. In an rushe, a ina za a aje ta? A gaya mata mene ne? Cewa ginin ɗanta bai yi ba?

Ko Isiyaku ne?

Ƙafarta ta tsaya. Isiyaku, Sarkin Magina. Rawani yanzu, har da sanda. Shi da ya zo gidan nan da ɗan bante, yana miƙa wa Malam tubali, ya ci tuwonta shekara tara, ita ta cire masa ƙaya a ƙafa. Shekarar farko bayan rasuwar ta aika ya zo ya yi yaɓen damina. Ya hau, ya duba, ya sauko, ya durƙusa — durƙuson nan nasa mai sanyi — «Uwar ɗakina, in ba a kankare tsohon ba, ni ban ɗora sabo.» A kankare. A kankare me? Ya san abin da ke kan rufin nan. Ya sani sarai. Yaɓen ƙarshe da Malam ya yi, bazarar da zazzaɓi ya kama shi, tafin hannunsa ko'ina a kai, yatsu huɗu da rabi, rabin da azara ta datse… Ta fita takaba ta hau ta zauna, ta sa hannunta cikin nasa, ya yi mata yawa. Shi ne za a sa hauya a kankare a zubar bayan gida, kaji su tona?

Ta ce ya tafi. Ta kwaɓa da kanta, ta ɗauka da kanta, ta rufe hannun Malam da nata don kada ruwa ya cinye shi. Rufewa ai adanawa ce. Kowace bazara ta ƙara. Ba ta taɓa fashi ba, ko shekarar da ƙafarta ta kumbura. Wa ke yi wa soro haka a unguwar nan? Wa?

Shi Isiyaku tun daga ranar, sai gaisuwa kawai. Ya zo da Sallah, ya gai da Inna, idonsa na sama, a kan azara. Kullum a kan azara. Yana jira. Muddin soron nan na tsaye, duk mai wucewa zai ce ga ginin Mamuda, ga na Isiyaku, a gwada. In ya faɗi fa? Sai a ce Sarkin Magina ɗaya ne a Jega.

Haka ne. Ko… haka ne mana.

Tana cika ƙwarya da laka. Hanyar tsani ta gefen tsagar take, babu yadda za ta kauce mata. Tsaga — 'yar tsaga ce, wane bango ne ba ya tsagewa? Malam ma yana da dabararsa: a soka tsinke a ciki, ya kama tsam. In an kwana biyu yana nan, bango na barci. In ya faɗo, bango na tafiya. Bara waccan ta soka tsinken tsintsiya. Ya faɗo, amma ƙadangaru ne, suna shiga suna fita. Ta sa sandar asuwaki. Ita ma… kaji, wataƙila. Bana karan dawa ta sa, mai kauri, ta danna shi da ƙarfi ranar Talata.

Ga shi a ƙasa.

Wani ya zare shi. Ai ba ƙadangaren da zai ture karan dawa. Wani ya zo — ta ina? Ƙofa a rufe, ita tana gida. Ta hanya, to. Maccido ya zuro hannu ta waje ya turo shi. Ta waje… in hannu zai shigo daga hanya har cikin gida, ai ke nan tsagar ta —

A'a. A'a. Rana na yi. Aiki.

Gammo, ƙwarya a ka. Tsani yana ƙara, ɗaya, biyu… gwiwar nan. Gabas ta fara haɗa baki, hadari na can wajen Aliero, ba yau ba, gobe ko jibi. Dole a rufe kafin ya sauko. Kullum haka take cewa, dole a rufe kafin ya sauko.

Ta taka rufin.

Me ya sa yake… kamar an taka katifar rimi? Da can ba haka yake ba. Ko haka yake? Ƙafar ce, ta gaji da tattaka. Tsakiya ya ɗan lotsa, inda ruwan bara ya kwanta ya bar zobe fari. Za ta cike wurin. Bara ma ta cike shi. Bara waccan ma…

Rawanin soro, ɗan bangon nan da ya kewaye rufin. Ran da ta zauna nan bayan takaba ta jingina bayanta da shi. Ta tuna sarai, har kafaɗa ya kai mata tana zaune, ba mai ganinta daga hanya, ta yi kukanta ta ƙoshi. Yanzu ga shi a idon sawu. Wa ya rage shi? Ruwa ne ya cinye? Ruwa ba ya cin bango daidai-wa-daida ta kusurwa huɗu. Ba rawanin ne ya sauka ba. To in ba shi ya sauka ba…

Can wajen indararo gefe ya ɓalle, ɓantare guda ya faɗa hanya, cikin rufin ya fito fili kamar an yanka waina. Ba za ta duba ba. Tana dubawa. Ja, na bara. Baƙi-baƙi, na shekarar da ta ɗebo a bakin gulbi. Mai yawan ciyawa, shekarar kumburin ƙafa. Huɗu. Biyar. Ta san kowanne kamar 'ya'yan da ta goya. Shida, bakwai. Taƙi guda da rabi, ko fiye. Can ƙarƙashi, siriri, bai fi kaurin yatsa biyu ba, manne da azara…

Nasa.

Yatsa biyu kawai? Shekara goma sha uku yana yaɓe soron nan kowace bazara, yatsa biyu kawai?

Ƙarar hauya. Ƙurrr, ƙurrr, tun da safe, ƙura na sauko mata cikin tuwo, tana faɗa daga ƙasa, Malam aikin bara fa kake zubarwa, mai kyau da shi! Shi yana leƙowa ta kan rawani, fuska duk ƙasa, yana dariya — «Soro jaki na, Murja. Ba tahiya ka kashe shi ba, kaya.» Ya kankare nasa da hannunsa, ba tausayi, kowace shekara, ya tura ta indararo. Ta ji. Tana nan aka faɗa. Isiyaku ma yana nan, yana riƙe da tsani.

Ta sani ke nan? Tun da can ta sani?

Daga nan sama hanya a buɗe take. Ba ta taɓa lura ba… turbar da ke bin gindin bangonta ciyawa ta fara rufe ta. Wata sabuwa ta fito, ta yi baka, ta kauce wa soron da taku biyar ko shida, sannan ta dawo. Ƙafafun mutane ne suka yi ta. Ba mako guda ba, ba wata guda ba. Ga wata mai tallan daddawa ta zo, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta bi bakan ta wuce. Ga jakunan Maccido can cikin rana, suna kaɗa kunne. Ga shi shi kansa, ya miƙe tsaye daga kan buhunan albasa, ya sa hannu biyu a ka, yana kallonta, bakinsa a buɗe, ba dariya.

Duk garin. Duk garin ya gani. To wa za ta… wa ya rage da za ta…

Ladan ya ɗaga murya. Azahar, tun yanzu? Za su yi sallah, su sa takalma, Kalilu da farar ƙasarsa, Isiyaku da sandarsa, ya durƙusa ya ce uwar ɗakina. In ta ce a kankare, yanzu, yau, duk bakwai ɗin, har da na ƙarƙashin — zai tsaya? Ko an wuce nan? Ko tun karan dawa aka wuce nan?

Ƙas.

A ƙarƙashin ƙafarta. Ƙarami, kamar an karya tsinke. Sai wani shuu, na ƙasa mai zuba.

«Wa ka tahiya bisa kaina?» Muryar Inna, ba ta ƙofa ta fito ba, ta cikin rufin ta hauro. «Ke ce, 'yar Katanga? Kin kawo mashi wani kayan?»

Wuyanta na rawa. Ƙwaryar na nan a ka, cike, jiƙaƙƙiya, ruwan makuba na bin bayan kunnenta. Tsani taku bakwai ne daga nan, ta kan lotsen. In ta taka… in ta tsaya… In ta sauke ta, a kansa za ta sauke.

A ina za ta aje ta?