Takarar Malam Haladu

Jethro da Malam Haladu sun yi shekaru suna aiki tare a wata masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta. Da aka kafa wata ƙaramar jam'iyyar ma'aikata, su ne suka buɗe mata ofis a Makera, Haladu ya tsaya takarar kansila.

Jethro ya ɗauki hotunan takarar Haladu yana bin gida-gida. Da ya shiga wajen yayarsa Scholastica, wadda ta rasa ɗanta a rikicin garin, ta ƙura wa hoton ido, sannan ta mayar masa.

"Na san shi, mutumin kirki ne," in ji ta. "Amma namu zan zaɓa."

"Yaya, namun ne ya bar ku babu ruwan famfo."

"Na sani, Jethro. Ka fita da shi."

Shi ma Haladu maƙwabtansa suka rage gaishe shi, suna cewa ya zama ɗan aiken mutanen coci. Ranar zaɓe ya faɗi ko'ina, har a rumfar ƙofar gidansa.

Bayan damina 'ya'yansa suka matsa masa ya koma tsallaken kogi, kusa da dangi. Jethro ya taya su loda kaya, ya bi motar har bakin gada.

"Za ka riƙa zuwa?" Haladu ya tambaye shi.

"Zan zo."

Sau ɗaya ya je, ranar da aka yi jana'izar Haladu.