Ƙaiƙayin Amarya

Tunda aka sa ranar aurenta, Sa'adiya tela ta Hayin Banki ta kasa zama wuri ɗaya. Har hannun riga ta ɗinka wa wata mata a juye, matar na zazzaga faɗa, ita kuwa tana ba da haƙuri tana ƙyalƙyala dariya.

Ta daɗe tana zawarci. Duk manemin da ta gaya wa tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, sai ya ce bari ya je ya dawo. Rilwanu kuwa a layin karɓar magani suka haɗu, shi ma da katinsa a hannu. Mai gyaran keken ɗinki ne a Kawo. Da ya ji sana'arta, ya rantse kekenta na neman mai, alhali ko ganin keken bai taɓa yi ba.

Biki ya matso, gwaji ya nuna garkuwarta ta ɗan yi ƙasa, aka ƙara mata ƙwayar Saftirin don ta tsare ta daga ciwon huhu. Ta riƙa haɗiya tana waƙa. A makon ne kuma Gwaggo Balki, ƙanwar babanta, ta iso daga Zariya da kayan gyaran amarya, ta shiga murza ta da dilka safe da yamma.

Ran nan Sa'adiya ta tashi jiki da ɗumi, ga jajayen ƙuraje tun daga wuya har cinya, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mata tururuwa a zane. Gwaggo ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Tun ba a haife ki ba nake dilka, yau na lalata 'yar ɗan'uwana!"

"Haba Gwaggo, ado ne," in ji Sa'adiya, tana susa tana dariya. Ta kira angon a waya ta bidiyo, ta haska masa damtsenta. "Malam, ga amaryarka ta zama zabuwa."

Rilwanu bai yi dariya ba. "Sun ba ki sabon magani?"

"Saftirin."

"Kada ki ƙara sha. Ita ta taɓa kwantar da ni, leɓena duk ya tsattsage, ko koko ba na iya kurɓa. Ga ni nan."

Ya iso a Keke Napep, hannunsa duk baƙin mai. Gwaggo ta rigaye su shiga, ta kame a tsakiya, ta ce ai ba a ɗaura ba tukuna. Haka suka tafi asibiti, ango na leƙen amarya ta bayan mayafin Gwaggo.

Likitar ta haska bakin Sa'adiya, ta buɗe idanunta, ta latsa ƙurajen.

"Kun zo da wuri, bai taɓa baki da ido ba. Maganin ne jininta bai karɓa ba, kuma masu wannan cuta sun fi yawan samun haka."

"Ba dilkata ba ce?" in ji Gwaggo.

"Ba ita ba ce, Mama."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, sai da nas ta leƙo.

Likita ta ce a daina Saftirin, amma maganin kullum kada ta kuskura ta tsallake. Za a gwada jininta kafin a canza mata wani. Duk inda ta je ta faɗa cewa maganin salfa, irin su Saftirin, ba ya karɓarta, kuma in baki ya yi gyambo ko fata ta fara saɓulewa, ta dawo a guje.

"Kin gani?" Rilwanu ya raɗa mata. "Har abin da jininmu ya ƙi ɗaya ne."

Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya.

Kafin ranar biki zazzaɓin ya sauka, ƙurajen sun kwanta, sai wani ɗan ƙaiƙayi da ya maƙale a tsakiyar bayanta, inda hannu ba ya kai. A wajen kamu, makaɗa na tsakiyar kiɗa, ƙaiƙayin ya motsa. Amarya ba ta susa a gaban dangin miji, don haka ta ɗaga kafaɗar dama, ta murɗa ta hagu, ta ɗan gantsare. Ƙawayenta suka sa ihu, suka shiga fili suna kwaikwayo. Kafin la'asar har 'yan matan Rafin Guza, dangin ango, sun iya, suna tambayar wace rawa ce wannan. Sa'adiya ta so ta ba su amsa, dariya ta hana ta.