Injin Huda Mai Guntuwar Wutsiya

Ɗanbaba kafinta bai iya cewa a'a ba. Kada wani ya ɗauka kirki ne ya yi masa yawa, don a cikin ransa babu mai tsine wa masu aro kamarsa a duk Agege. Bakin ne kawai ba ya bin umarni. Mutum zai tsaya a ƙofar shagonsa da ke bayan layin dogo ya ce, "Ɗanbaba, a taimaka da injin huda," zuciya ta ce wallahi ba za a bayar ba, baki ya ce, "Ga shi can ƙarƙashin tebur."

Inji uku gare shi: na huda, na yankan katako, da giranda mai goge ƙarfe. Tun da soja suka koma bariki gari ya ɗan motsa, wannan zai kafa kanta, wancan zai buɗe kiyos na buga waya, sai unguwa ta yanke hukunci ba tare da an kira taro ba cewa injinan Ɗanbaba na jama'a ne. Aron ma da sauƙi, yadda ake dawo da kayan ne ke ƙona masa rai. A unguwarmu fulogi ba ya tsufa a jikin waya. In bai shiga soket ɗin mutum ba sai ya fizge shi, ya fere bakin wayar da haƙori, ya cusa a rami ya tokare da tsinken ashana. Inji ya fita da kai ya dawo ba kai, wani lokaci ma sai an bi gida-gida kafin a gano inda ya kwana.

Mutum ɗaya ne ba ya aro, shi ne Harouna. Badamagare ne, mai gadin dare a wani sito a Ijora, kuma shi ya sauki Ɗanbaba a ɗakinsa shekarun baya, lokacin da ya diro daga motar shanu bai san kowa a Legas ba. Kullum da la'asar, kafin ya je neman danfo, motar hayar da ke kai shi aiki, sai ya biyo shagon ya zauna a benci a dafa shayi, ya yi ta zagin Kanawa shi kuma Ɗanbaba yana rama wa Kano, kamar yadda aka gada tsakanin mutanen garuruwan biyu. A nan kaɗai ake jin dariyar Ɗanbaba har bakin titi. In ka cire wannan zama daga yininsa, abin da ya saura ƙurar katako ce da ƙarar jirgi.

Khamisu mai gyaran wuta ne ya zo da dabarar. Haifaffen Agege ne, irin waɗanda ke fara magana da Hausa su bi ta Yarbanci su ƙare da Turancin titi. Wata safiya ya shigo da kwali a kafaɗa, ya dire a kan tebur.

"Oga mi, wahalarka ta ƙare. O ti tan! A Oshodi na samo su, tokunbo ne, gwanjon ƙasar waje, ba irin na nan ba."

Ya fito da wasu baƙaƙen fulogai, kowanne biyu-biyu, ɗaya mai ƙafafu ɗaya mai ramuka. Ya tura wannan cikin wancan, ya murɗa, suka ce ƙas. Ya sake murɗawa baya suka rabu.

"Za mu yanke wayar kowane inji, mu bar masa 'yar wutsiya, mu sa mata namiji. Sai doguwar igiyar wuta guda ɗaya tal mai mace a baki. Ka gama huda, ƙas, ka cire, ka sa giranda. Wayoyi ba za su ƙara harɗe maka ƙafa ba."

Ɗanbaba ya juya abin a hannu. "Wannan ai ba zai shiga soket ɗin kowa ba."

Khamisu ya kashe masa ido. "Yanzu ka zo inda nake. Duk wanda ya ce aro, ka ce ɗauka. Igiya kuwa ɗaya ce, kana aiki da ita. Ka yi ƙarya? Ka hana? No wahala."

Da Khamisu ya ɗora filaya a kan wayar injin huda ya datse, Ɗanbaba ya runtse ido kamar ɗansa ake yi wa kaciya. Shi kuwa Khamisu yana ta fito. Ya fere baƙar fatar, ya ware 'yan wayoyi uku na ciki, ruwan ƙasa da shuɗiya da mai ratsin kore, ya murza zaren kowacce da yatsa, ya zura ta a gurbinta ya ɗaure da sukudireba, sannan ya matse wuyan fulogin don kada a ja waya ta zame. Wutsiyar da ya bari ba ta wuce taki ɗaya ba, ko an fizge kan ba za ta isa bango ba.

"Abu ɗaya zan gaya maka," ya ce. "Namiji a jikin inji, mace a jikin igiya. In ka juya su, ƙafafun nan suka ɗauki wuta a waje, ranar matarka za ta shiga takaba."

Isah mai kiyos ne ya fara faɗawa tarkon. Shi ne sarkin masu aron unguwar, mutumin da ke aron guduma ya dawo ya ce a ba shi ƙusa. Ɗanbaba ya miƙa masa injin da fara'ar da bai taɓa yi masa ba. "Ɗauka mana, ai naka ne. Igiyar ce dai nake aiki da ita." Isah ya tafi, ya gwada naɗa waya tsirara a ƙafafun fulogin, wuta ta yi masa gaisuwa har gwiwar hannu. Ya dawo da injin yana yarfe yatsu, bai ko tsaya sallama ba. Sauran ma haka suka yi ta zuwa suna komawa. Ɗanbaba ya yi ƙiba a 'yan kwanakin nan. Injinansa a rataye a bango, kowanne da 'yar wutsiyarsa, kuma har yanzu babu wanda zai ce ya taɓa hana shi abu.

A cikin wannan daɗi ne Harouna ya zo da buƙata, karo na farko tun da suka san juna. Bai daɗe da ɗauko matarsa Mariamu daga Damagaram ba. Gari kuwa a lokacin ba ya rasa jita-jitar faɗa, yau a ce Ketu, gobe a ce wata unguwa, shi kuma kwana yake a Ijora ya bar ta ita kaɗai a gidan haya da ƙofa mai makullin da ko akuya za ta iya turewa. Ya sayi sakata, yana son huda bango.

Sai dai ya zo a mugun lokaci. Isah na tsaye a shagon, yanzun nan aka gama karanta masa zancen igiya, bai tafi ba, ya jingina da ƙofa yana sakace haƙori.

"Kai Bakano," in ji Harouna, "ba ni abin hujin nan naka in kafa sakata, gobe in maido."

Ɗanbaba ya dubi Harouna, ya dubi Isah. In ya naɗe igiyar ya bayar a gaban wannan mutumin, kafin magariba duk Agege ta ji cewa akwai 'yan gata. Ya ce a ransa bari Isah ya tafi, in ya so ya kai igiyar da kansa. Sai ya ji bakinsa ya zuba karatun da ya saba: "Ɗauka mana, ai naka ne. Igiyar ce dai nake aiki da ita."

Harouna bai san komai a kan sabon tsarin ba, shi wurin shayi da zagi ya sani. Ya sa injin a hammata ya tafi da murna. Shi kuma Ɗanbaba aiki ya taso masa, wani Alhaji a Isolo ya aiko a zo a auna ƙofofi, zancen igiya ya fita daga kansa.

Washegari ya dawo daga masallaci ya tarar da injin a kan tebur, an goge shi tas an naɗe a leda. Da la'asar ya dafa shayi, benci ya zauna shi kaɗai. Kashegari ma haka. Ya ce wa kansa ƙila aiki ne, ƙila zazzaɓi. Amma ya sani sarai Khamisu ba ya iya riƙe magana, kuma kullum da safe a teburin mai shayin bakin tasha yake ba da labarin yadda ya ƙera wa Oga Ɗanbaba hanyar korar masu aro ba tare da ya buɗe baki ba. A teburin nan Harouna ke karya kumallo da burodi in ya sauko daga gadi.

To Khamisu dai kwali guda ya sayo, inji uku kawai ya ci a ciki. Me zai yi da sauran? Ba a jima ba sai ga Isah ya shigo shago yana washe baki, da doguwar waya a naɗe a kafaɗa, baƙar mace na lilo a bakinta.

"Ɗanbaba, kada ka damu da igiya, na yi tawa. Miƙo injin."

Ƙas! Ta shiga daidai. Kafin wata ya ƙare mai walda ya yi tasa, mai gyaran rediyo ya yi, har ladanin masallacin layi an ce yana da guda. Aro ya dawo ya fi na da sauƙi, don yanzu ko tsinken ashana ba a nema. Da Ɗanbaba ya tare Khamisu da faɗa sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Ah ah, Oga mi, kasuwa ce fa. Kuma ka ga yanzu ba mai cire maka kai."

Da gaskiyarsa, ba a ƙara cire kai ba. Amma Ɗanbaba ya zauna ya duba abin da dabarar ta haifa. Duk marasa kunyar da aka yi ta dominsu suna nan, sun ma ƙaru. Mutum ɗaya tak ta kora, shi ne mai zuciyar da ya ji saƙon ya ɗauka nasa ne. Abin ya tsaya masa a ƙirji, ko shayi ya daina dafawa.

Ran nan da la'asar ya rufe shago, ya ɗauki injin huda, ya naɗe doguwar igiyar a hannu, ya tsallaka layin dogo zuwa gidan su Harouna. Ya same shi a benci a ƙofar ɗaki yana ɗaura takalmin gadi.

"Sannu da zuwa, Malam Ɗanbaba."

Malam! Tun da yake, bai taɓa jin wannan kalma daga bakin mutumin nan ba. Da ya zage shi da ya fi masa daɗi.

"Na kawo injin. Da igiyarsa."

"Ayya, ka sha wahala. Ai an gama."

Ɗanbaba ya ɗaga kai. Sakata na nan a jikin ƙofa. Ramin bangon da ƙusar kankare da guduma aka fasa shi, an lallaɓe gefensa da siminti. Babban yatsan Harouna na hagu a naɗe yake da tsumma.

"Isah ne yana tsaye ranar," in ji Ɗanbaba. "Ka gan shi ai."

"Na gan shi."

"Wallahi don su aka yi abin nan, ba don kai ba."

"Bon. Su kam na ji suna ta aro lafiya." Harouna ya ja igiyar takalmi ya ƙulle. "Da ka ce mini a'a da bakinka, da na zage ka, na zagi Kano har da kasuwarta, mu sha shayinmu. Amma ka ce ɗauka. Na ɗauko shi tun daga shagonka har nan, na ce wa matata ga abin da abokina ya ba ni. Muka zauna ni da ita muna juya shi, muna neman inda ake sa shi."

Ɗanbaba ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta rufe shi, ga igiya a hannu ta yi masa nauyi.

Daga bayan labule muryar Mariamu ta fito a hankali. "Maigida, ai akwai wurin rataya gidan sauro da ka ce sai an huda."

Harouna ya jawo ɗaya takalmin ya ci gaba da ɗaurawa. Ɗanbaba bai jira ba. Ya warware igiya, ya sa kanta a soket ɗin baranda, ya tura wutsiyar injin a baki ya murɗa, ƙas, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa.

"Sun ɗauke wuta tun azahar," in ji Harouna.

"Zan jira."

"Ni tafiya zan yi, sai safe."

"To in dawo da safe."

"Da safe barci nake."

"Da la'asar fa?"

Harouna ya miƙe ya ɗauki tocilarsa da 'yar jakar abinci. Ya ɗan tsaya yana kallon injin da guntuwar wutsiyarsa, kamar zai faɗi wata magana, irin wadda Ɗanbaba ke roƙon Allah ya faɗa.

"In akwai wuta," ya ce. Ya juya wajen labule. "Na tafi. Ki rufe."

Ya fita. Ɗanbaba ya durƙusa yana naɗe igiyarsa, sai ya ji an turo ƙofa, an kama sakata. Ba ta shiga ba. Mariamu ta ja baya, ta ɗaga ƙofar da kafaɗa, ta sake turawa da ƙarfi kafin sakatar ta zauna, don ramin a karkace yake. Shi kafinta ne, daga ƙarar kaɗai ya san da a ce da inji aka huda, da ta shiga da yatsa ɗaya.