Kujerar Randa

Sunan da gidan talabijin ya laƙaba masa, Tsinke, ya daɗe da daina dacewa da shi. Tumbi ya fito, gwiwa ta fara ƙara. Duk da haka shi ke rubuta shirin barkwanci na shagon tela, shi ke ba da umarni, sannan ya shiga gaban kyamara ya zama telan da ba ya cika alkawari. Tun suna samari abokin wasansa ɗaya ne, Randa, mai fitowa a matsayin maƙwabcin da kullum yake zuwa karɓar ɗinki ya koma hannu rabbana.

A bana ne Randa ya fara mantuwa. Zai shigo da faɗa kamar yadda aka tsara, ya ɗaga yatsa, sai maganar ta ɓace. Ya tsaya yana kallon keken ɗinki.

"A sake," in ji Tsinke. Aka sake har fitilu suka gasa kowa, mai kyamara ya fara tsaki a ɓoye.

Shugabar shirye-shirye ta kira Tsinke ofis. Ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa.

"Baba, ni ma da wasanku na tashi. Amma aikin yini yana cin mana mako. A nemo wani a madadin Randa."

"Ki ba ni zuwa ƙarshen zango," ya ce.

Ya koma gida ya sake rubutun duka. Yanzu maƙwabcin ya gaji da sintiri, ya ɗauko kujerarsa ya dasa a shagon, ba zai tashi ba sai an gama masa riga. Ba ya cewa komai. Aikinsa ya zauna ya zuba wa tela ido, tela kuwa ya yi ta zuba ƙarya shi kaɗai.

Shirin ya karɓu fiye da da. A gidan mai, a layin asibiti, mutane suna tare Tsinke suna kwaikwayon kallon nan na Randa, suna riƙe ciki. "Mutumin naka ya ƙware!" Tsinke ya yi musu murmushin da ya saba. Shi ya san ba wasa ba ne, haka Randa yake kallon ƙofar gidansa ma.

Maganar mutum biyu ta dawo bakin Tsinke shi kaɗai. Yana gama ɗauka sai ya zauna a bayan labule, ya cire takalmi, ya daɗe bai ce a kashe fitila ba.

Ranar ɗaukar ƙarshe, 'yar Randa ta zo tafiya da mahaifinta. Tana goge masa hodar fuska ta ce wa Tsinke, "Baba, kada a sa da shi a zango mai zuwa. Jiya ya ga kansa a talabijin, ya tambaye ni wane ne wannan tsohon da ake yi wa dariya."

Tsinke ya gyaɗa kai. Ya riƙe hannun abokinsa har bakin mota.

"Yau na yi daidai?" Randa ya tambaya.

"Ko sau ɗaya ba a sake ba."

Da aka dawo daga hutu, shugabar ta kawo masa wani matashi mai ƙiba da saurin baki a madadin Randa. Tsinke ya ba matashin matsayin telan gaba ɗaya, ya nemo masa sabon maƙwabci, shi kuma ya koma bayan kyamara. Can yake har yanzu, kan benci, da ƙafa ɗaya a miƙe saboda gwiwa.