Robar da Na Sa Mas'ud Ya Ɗaura

Ina kasuwar Ƙanƙara da hantsi, ina taya buhun taki, sai waya ta yi ƙara. Mas'ud ne, babban ɗana. Shekara biyu ke nan yana Abuja, a wani shago da ke kiwon kifin ado cikin akwatunan gilashi. Aikinsa wanke akwatunan da ba kifayen abinci.

"Baba, kifi ya harbe ni."

Na so in yi dariya, amma na ji yadda yake jan numfashi. Yaron da lauje ya taɓa tsarge wa ƙafa bai ce uffan ba, shi ne yake nishi.

"Wane irin kifi ne ke harbi?"

Ya ce na teku ne, mai ratsin ja da fari, bayansa duk ƙaya kamar bushiya, kifin zaki suke ce masa. Ya sa hannu zai goge gilashi, ƙaya biyu suka shige shi a yatsa. Zafin ya hau har kafaɗa, zufa na keto masa, zuciyarsa na tashi.

Ni abin da na sani shi ne maciji. A garinmu Ketare in ya sari mutum, ɗaurewa muke yi kada dafi ya kai zuciya. Haka na ga mahaifina yana yi.

"Nemi roba ka ɗaure hannun tamau, sama da wuyan hannu. Kada ka kwance sai na ce. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Sai waya ta yanke. Na kira, na sake kira, babu sabis.

Na bar takin, na nufi kemis ɗin Malam Almu, wanda ya yi aikin jinya shekara talatin kafin ya yi ritaya. Ban gama ba shi labari ba ya cire tabarau.

"Ɗanliti, mi ka ce ma yaron nan? Ko saran maciji an bar ɗaurewa, balle kifi. Jini zai tsaya, hannu ya mutu. Tun yaushe?"

"Rabin awa ta yi."

"To ai ba ya kaɗai ba ne a shagon. Wani zai kwance mashi."

Ni na tarbiyyantar da Mas'ud, na san shi. Abin da na ce kada a taɓa, ko gwamna ya zo ba zai taɓa ba. Kullum da wannan nake yi wa mutane alfahari a majalisa.

Muka gwada wayar Malam Almu, ita ma shiru. Na fita bakin titi na ɗaga tawa sama. Na nufi tasha, na zagaya bayan masallaci, na hau kan tarin bulo. Masu shayi suna ta tsiya: "Baba Ɗanliti, wata kake dubawa da rana tsaka?" Ban kula su ba. Wani ɗan acaba ya ce akwai tudu a hanyar Yargoje inda sabis kan kama. Na haye bayansa, ban ma tambayi lafiyar hanyar ba, ina ta ce masa ya ƙara wuta, ramuka suna jefa mu sama.

A kan tudun kira ya shiga. Muryar mace na ji, mai shagon ce, Hausarta a karye.

"Baba, don Allah! Mun sa hannu cikin ruwan zafi, shi ne maganin dafin, zafi ya ragu. Amma ya hana mu cire roba. Yatsu sun yi baƙi. Ya ce sai kai."

"Ba shi wayar."

"Baba," in ji Mas'ud, muryarsa can ƙasa, "ban kwance ba."

"Kwance. Yanzun nan. Ni na yi kuskure. Duk abin da matar nan ta ce, da abin da likita zai ce, shi za ka bi, ba nawa ba."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Sai na ji ya saki ƙara lokacin da jini ya koma hannun.

A asibiti suka ciro guntun ƙaya, suka yi masa allurar tetanus. Hannun ya kumbura kamar tulu, yatsan ya yi bororo, fata ta saɓule. Likita ya ce dafin kaɗai da ya warke cikin kwanaki. Yatsu biyu da har yau ba sa jin taɓi sosai, wannan aikin robar ne, ƙila su dawo, ƙila a'a.

Da ya zo gida jinya, mahaifiyarsa Suwaibatu ta zuba masa fura. Ya kai hannun dama zai ɗauki ludayi, ya kuɓuce masa. Ya yi sauri ya ɗauka da hagu, yana satar kallona ko zan yi faɗa, don ban taɓa barin ɗana ya ci da hagu ba.

Na ce, "Sha abinka."