Furen da Ƙudaje Suka Riga Kowa Gani

Wari ne ya tashe ta daga gyangyaɗin hantsi. Mai Zane ta ɗaga hanci, ta yamutsa fuska, ta ƙwala wa 'yarta kira.

"Auta! Zo ki ji min. Ɓera ya mutu a gidan nan."

Auta, wadda ranar take hutu daga kantin maganin da take aiki, ta fito da tsintsiya a hannu. Suka ja kujeru, suka leƙa bayan firji, suka zazzage kwandon takalma, ko jelar ɓera ba su gani ba. Har Auta ta fara zargin maƙwabcinsu mai kiwon kaji. Sai da ta fita baranda shanya tsumma ta ga korayen ƙudaje, manyan nan masu ƙugi, sun yi cincirindo a kan tukunyar shukar da ke can ƙarshen layin tukwane.

"Inna, ga ɓeranki nan. Abin Baba ne ya ruɓe. Bari in kai shi bola."

"Kul! Kada ki taɓa!"

Auta ba ta tuna rabon da ta ga uwarta ta yi irin wannan saurin ba. Tsohuwar ta zo ta durƙusa, ta kore ƙudajen da gefen ɗankwali, ta gyara tabarau. Tsiron na nan yadda ta san shi, wasu karare masu kauri kamar yatsun ƙato, koraye masu ratsin toka, ba ganye, sai 'yan haƙora masu laushi a gefe. Amma a gindinsa, kwance a kan tsakuwa, ga fure ya buɗe. Faɗinsa bai fi tafin hannun jariri ba, siffar tauraro, ja mai duhu kamar hanta, kuma bakin kowane kunne nasa jere yake da wasu siraran gashi da ke kaɗawa ko da numfashinta.

"Ba ruɓewa ya yi ba," in ji ta a hankali. "Da wari yake kiran baƙinsa. Miƙo min waya."

Sunan Mai Zane ya bi ta ne tun tana budurwa, lokacin da aka ɗauke ta a sashen nazarin tsirrai na jami'a don ta riƙa zana abin da masana suka samo. A can ta haɗu da Malam, wanda ya zama mijinta. Shi ba ruwansa da manyan itatuwa, hankalinsa na kan tsirran nan masu ajiye ruwa a jikinsu, dangin ƙerana da karan masallaci, waɗanda ke laɓewa a tsagin dutse inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Na ukunsu abokin aikinsa ne da suke kira Na-Baya, don duk dutsen da suka hau shi ne ƙarshen isowa, yana haki yana rantsuwa cewa wannan ne na ƙarshe.

A wata tafiya irin wannan suka samo tsiron. Sun kwana biyu suna hawa, hazo ya jiƙa musu kaya, gwangwanin kifinsu ya kusa ƙarewa, sai Malam ya hango wani abu a ƙasan gaɓar da suke tsaye. Ya kwanta rub da ciki, ya zura rabin jikinsa cikin iska, Na-Baya ya riƙe masa ƙafafu, ita kuma ta cafki bel ɗin Na-Baya tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ya taso fuska duk ƙasa, yana dariya, riƙe da ɗan kara guda. A cikin safarsa ya naɗe shi, ya sauko dutsen da ƙafa ɗaya ba safa.

Sai dai dangin nan kararensu kama suke yi da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, fure ne kaɗai ke faɗin ko wane ne wane. Malam ya dasa shi ya zauna jira. Ya kai shi rana, ya mai da shi inuwa, ya hana shi ruwa, ya ba shi ruwa, ya sauya masa ƙasa. Da safe yakan fito da kofin shayi ya tsaya a kansa ya ce, "To, ranka ya daɗe, yau ma ba labari?" Auta ta yi rarrafe a gefen tukunyar nan, ta yi makaranta, ta gama. Malam ya yi furfura, ya yi ritaya, ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Tsiron ko toho na fure bai taɓa nunawa ba.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Wa nake ji kamar Mai Zane? Ashe ana tunawa da mu?"

"Na-Baya, ajiye surutu. Abin Malam ya yi fure."

Nan take ta ji muryarsa ta sauya. "Na cikin safa?"

"Shi."

"Kada ki bar rana ta buge shi. Kada ki bar kowa ya matsa kusa. Ga ni nan."

Kafin azahar tasi ta sauke shi a ƙofar gida, da sanda a hannu ɗaya, da tsohuwar jakarsa ta fata a ɗayan. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Auta ta gaishe shi ta karɓi jakar, ya ce mata, "'Yata, kin ga abin da uwarki ta jawo min, gwiwoyin nan sun yi ritaya tun kafin ni." Amma da ya isa baranda bai nemi kujera ba. Ya jingine sandar, ya sauka ƙasa da ƙyar, ya fiddo madubin nan mai ƙara girman abu da ke rataye a wuyansa, ya kafa ido. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Warin ne," in ji shi, yana share fuska da hula.

"Na sani," in ji Mai Zane. "Ni ma tun safe yake sa ni hawaye."

"Me kika yi masa da shi bai yi ba?"

"Ba abin da na yi. Tun rasuwarsa sai in manta da shi wata da watanni. In na tuna in watsa masa ragowar ruwan buta."

Na-Baya ya girgiza kai. "Ashe damunsa aka yi. Ni ma da a ce kullum da safe mutum zai tsaya a kaina da kofin shayi, ba zan yi fure ba."

Suka ɗauko tukunyar zuwa teburin cin abinci, Auta ta buɗe tagogi duka tana toshe hanci. Irin furen nan ba ya daɗewa, yau ne da gobe, don haka ba su ɓata lokaci ba. Na-Baya ya fiddo ƙaramin ma'auni da hantsaki da kwalbar sinadarin adana fure. Yana aunawa yana faɗa, Auta na rubutawa, tana kuma ɗaukar hoto da waya ta kowane gefe.

"To ai ga hotuna nan, Kawu," in ji ta. "Sai an wahalar da Inna da zane?"

"Hoto komai yake kwasowa, har da ƙuda. Uwarki kuwa abin da ya kamata a gani take nunawa."

Mai Zane ta buɗe akwatin fensiranta, wanda ta daɗe ba ta taɓa ba. Ƙamshin itacen fensir ya bugi hancinta, sai ga ta a tsohon ofishinsu mai fanka mai ƙara, Malam na leƙowa ta kafaɗarta yana cewa ta ƙara wa ƙaya tsawo, ita kuma tana ce masa ya je ya ƙara da kansa. Ta feƙe fensir, ta ɗora a takarda, hannun ya hau rawa. Layin farko ya fita a karkace kamar sawun tsutsa. Ta goge. Na biyu ma haka. Ta ajiye fensirin ta zuba wa hannun ido.

"Ba zan iya ba. Hannun ya tafi."

Na-Baya bai rarrashe ta ba. Ya ce wa Auta ta kawo tawul, ya ninke shi ya tura ƙarƙashin wuyan hannun Mai Zane. "Da ke da furen duk rawa kuke yi, sai ku daidaita. Ja gajere-gajere, ba inda za mu."

Haka ta yi. Guntun layi, ta huta, wani guntun. Tun tana cije leɓe har ta manta da hannun, ido ya karɓi aikin. Ta zana furen ta sama, ta zana shi ta gefe, ta zana gashin guda ɗaya da girma, mai siririn gindi da kumburin kai kamar taɓarya. Suna aiki suna hira. Suka tuno jakin da ya tsere da buhun jaridun da suke matse ganye a ciki. Suka tuno ranar da Malam ya ɗanɗana ruwan wata ƙerana don ya tabbatar da zancensa, leɓensa ya kumbura har ya kasa kiran sunan kowa. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ba ta san Baba da wauta ba.

"Ke kin same shi ne bayan ya yi hankali," in ji uwar.

Da la'asar ta yi, Na-Baya ya ɗauki reza, ya tsaya. Dole a yanke furen a tsaga shi a ga cikinsa, sannan a jefa cikin kwalba ya zama shaida ga duk masanin da zai zo daga baya. Ya miƙa mata rezar.

"Ke ya kamata."

Ta riƙe ta, ta kasa. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana jiran abu, ya zo bai tarar da shi ba, ita kuma ta sa masa reza tun bai yini ba? Ta ɗaga wani kara da bayan fensir don ta sami wurin yanka, sai ga wani ƙullin toho a ɓoye, ƙarami kamar ƙwayar wake.

"Akwai ƙaninsa a hanya," in ji ta. Ta yi bismilla ta yanke.

Sauran aikin ya ci watanni. Na-Baya ya riƙa jan ƙafa zuwa ɗakin ajiyar busassun tsirrai na jami'a yana gwada nasu da na cikin kabad-kabad. Ya aika wa masana na wasu ƙasashe zanen. Wani ya ce ai sananne ne, Na-Baya ya nuna masa wani abu mai kama da rawani da ke tsakiyar furen, wanda ta zana a tsage, mutumin ya janye maganarsa. A ƙarshe dai aka yarda cewa ba a taɓa bayyana irinsa ba. Saura suna.

"Sunan abokina za mu sa," in ji Na-Baya.

"A'a. Ka manta abin da yake cewa? Tsiro ba allon shago ba ne da za a manna masa sunan mai shi. A kira shi da abin da Allah ya ba shi."

Suka yi ta ja, har Auta ta kawo shayi ya huce. Daga baya suka tsaya a kan wata kalmar Latin mai nufin abu mai karkarwa, saboda gashin nan. Sunan Malam kuwa ya shiga inda ake rubuta wanda ya samo, da kuma sahun marubutan rahoton da za a buga, a gaban nasu.

Mujallar da za ta buga rahoton ta nemi a tabbatar ko tsiron na nan a mazauninsa, don haka Auta ta ɗauki hutu ta zuba su a mota. Ƙauyen da suka sani a gindin dutsen ya zama gari, har da gidan mai. Hanyar da suka yi kwanaki suna hawa an shimfiɗa mata kwalta saboda ƙarfen sadarwar waya da aka kafa a ƙololuwa, kafin rana ta take sun isa. Mai Zane ta ce a sauke ta tun kafin ƙarshe, ta taka sauran da ƙafarta, Auta na riƙe da gwiwar hannunta.

Gaɓar na nan, an sa mata shingen ƙarfe. Ta fi yadda take tunawa ƙanƙanta. Suka leƙa, ga tsirran can a tsagin dutsen, sun yaɗu sun yi gungu-gungu, wasu har da busassun furanni. Na-Baya ya ɗauki bayanan da zai ɗauka, sannan suka zauna a kan wani falalen dutse suna shan iska. Auta ta raba musu burodi da shayin fulas.

"Inna, ta ina kuka hau a wancan lokacin?"

Mai Zane ta nuna wani kwari ta hagu. "Ta can, inda itatuwan nan suka yi duhu. Akwai 'yar ƙorama."

"Ina! Ta dama ne," in ji Na-Baya. "Ƙoramar ai a wani dutsen take."

"Kai da idonka ke kan takalminka, yaushe ka ga hanya?"

"Ni da na fi kowa daɗewa a kanta?"

Auta ta tattara kofuna, ta taimaka musu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Har ta tada mota suna musu, kowa na nuna nasa kwarin ta taga.