Tambayar da Ollo Ya Yi wa Rigar Wansa

Shekara arba'in Ollo da wansa Sansan suka yi suna gardama ɗaya, ba wanda ya taɓa sakar wa wani. Sansan ya tsallaka Kwaddibuwa tun yana saurayi, ya sare daji a gefen Subre ya dasa koko. Ollo ya tsaya ƙauyensu kusa da Kamti, a nan Burkina, yana noman dawa a gonar ubansu. Duk zuwan da Sansan zai yi ganin gida, kafin ya ajiye jaka an fara.

"Ƙanena, har yanzu tuwon nan da miyar kuka? Mu can kifi sai ka ture. Lantarki har akurkin kaji. Tari ɗaya za ka yi, ga asibiti."

"Sannu, mai kifi. Ƙasar da kake takawa ta ubanka ce? Ranar da suka ga dama su ce baƙo ya tattara. Ni nan, ko ƙasa zan ci, tawa ce."

Da bazara Sansan ya mutu, aka binne shi can. Matarsa Ini ta hawo mota kwana biyu ta kawo rigarsa da tabarmarsa. Mu 'yan ƙabilar Lobi ba ma rufe makoki sai an tambayi mamaci, in kuwa gawa ta yi nisa, rigarsa ake naɗewa a ɗaure kan makara, maza biyu su ɗauka a ka. In amsa e ce, makara ta ja su gaba. In a'a ce, ta ja su baya. Kuma ba a sauke ta da tambaya a rataye.

Ba mutuwar ce kaɗai ta hana Ollo sukuni ba. 'Ya'yansa maza uku sun riga sun gangara kudu. Saura ɗansa Bindute, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ke riƙe da garma. Shi ma tun ranar da Ini ta iso ya ce zai je ya kama gonar kokon. In ya tafi, gonar kaka da kakanni ta koma saura. Shi ya sa Ollo ya zaɓi masu ɗaukar makara da kansa, mutum biyu da ba su taɓa kwana a wata ƙasa ba, don kada makara ta karkata kudu.

Rana tana tsaka aka taru a gindin ɗorawa. Tsoho Kambire mai tambaya ya yi abin da aka saba. Hannun mutum ne? Makara ta ja baya. Akwai gunkin da ya saɓa wa? Ta ja baya. Kwana ne ya ƙare? Ta yi gaba taku biyu. Mata suka sauke numfashi. Kambire ya ɗaga hannu zai ce a sauke, sai Ollo ya miƙe.

"Yaya! Yanzu ka daina cika baki. Gaya wa yaran nan gaskiya: nan bai fi can ba?"

"Zauna, Ollo!" in ji Kambire. "Ba a tambayar mamaci hirar dandali."

Amma magana ta riga ta fita. Dattijon da ya kasa riƙe bakinsa a gaban makara, ai furfurarsa ado ce kawai.

Makara ba ta motsa ba. Ollo ya juya tambayar: to, can ne ya fi? Nan ma shiru. Inuwar ɗorawa ta janye ta bar masu ɗauka a rana. Riga ɗaya da tabarma, abin da mace za ta ɗauka da hannu guda, sai ga wuyan ƙartin nan yana lanƙwashewa, ƙafafunsu na nutsewa cikin ƙasar da ta fi dutse tauri. Can sai ruwa ya fara ɗiga daga gefen tabarmar. Wata biyar rabon garin da ganin hadari. Ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya, ga wani tsami-tsami yana tashi, irin na ƙwayar koko da aka lulluɓe da ganyen ayaba. Waɗanda suka taɓa zuwa kudu suka dubi juna, suka ja da baya.

"Baba Kambire," in ji na gaban makara, "wani abu na numfashi a kaina."

Ini ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta tako har gaban Ollo.

"Ƙaramin miji, ka ja mana. Me kake so ya ce? Mutumin nan in ya zo nan, ya cika ku da kifi da lantarki. In mun koma can, kullum yana ƙofar gida yana faɗa da 'yan gari: ruwan Burkina ya fi daɗi, dawar Burkina ta fi riƙe ciki, a Burkina ba mai tambayarka takarda. Har ya mutu bai yarda an yi masa daɓen siminti ba, wai ba zama ya zo yi ba. Yana raye bai sani ba, yanzu ne zai sani?"

Kambire ya ce, "Ka ji. Sai ka ba shi tambayar da yake da amsarta, in ba haka ba wuyan mutanen nan zai karye. Kuma abin da ya faɗa ya zauna."

Ollo ya dubi Bindute. Bindute ya sunkuyar da kai. Tambaya ɗaya ce ta rage, kowa a wurin ya san ta, ita ce kuma wadda Ollo ya yi duk wannan dabara don ya kauce mata. Na bayan makara ya durƙusa da gwiwa ɗaya.

"Yaya," in ji Ollo, da ƙyar aka ji shi, "gonarka ta can, wa zai je ya riƙe ta?"

Makara ta zabura kamar an sake ta daga turke. Ta nufi Bindute, har ya ɗaga kai ya buɗe hannu. Sai ta kauce masa, ta zagaya, ta zo ta dafa ƙirjin Ollo a hankali, sau uku. Nan take nauyin ya tafi. Masu ɗauka suka sauke ta suka zube suna haki.

"Baba," in ji Bindute, "ai ba ka taɓa wuce Kamti ba. Bari ni in..."

"Ba kai aka nuna ba," in ji Kambire.

Ollo ya shafa gaban rigarsa, ya ji ta jiƙe sharkaf, da sanyi kamar an tsamo ta daga rafi. Sannan ya juya ga ɗansa.

"Ƙasan gonar nan ruwa na kwanciya, kada ka zuba dawa a wurin. Kada kuma ka bar akuyoyin Kambire su saba da shingen."

Ya dubi Ini.

"Motar kudu, ranar kasuwa take tashi?"